Digiri 95 a daren bazara

A Disambar 2023 na haɗa kwamfutar nan, lokacin da sanyi ya sauka a Kano har mutum ke neman bargo da asuba. Shekara biyu na yi ina tara kuɗinta daga aikin haɗa bidiyon biki da tallan 'yan kasuwa. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da katin hoto mai sarrafa abin da ke fita a allo wani abokina ne ya taho mini da su daga Dubai, madabod da ake dasa komai a kansa daga Legas aka aiko, akwati da tarkacen wayoyi kuwa a nan Titin Beirut na samo. Furosesar Ryzen 9 7900X ce mai ƙwaya 12, wato ƙananan sassa masu aiki tare a cikinta, katin RTX 4080, sai hasumiyar sanyaya mai fanka biyu, irin wadda da iska kaɗai take aiki. Da rana da ita nake neman abinci. Da dare, in gida ya yi tsit, nakan buga gem na awa ɗaya ko biyu, wani lokacin ƙwallo da ƙanena, wani lokacin Cyberpunk 2077 ni kaɗai. Wata uku cur ban ji komai daga gare ta ba sai ɗan huci ƙasa-ƙasa, har na ɗauka na gama da ita.

Bayan ƙaramar Sallah, a Afrilun 2024, bukukuwa suka yi yawa a gari, aiki ya taru mini, na koma raba dare a gaban allo. Ƙofa ɗaya ce ta raba ɗakin aikina da ɗakin kwana, kuma a bazara buɗe muke barinta don iska ta ratsa. Wani dare wajen ƙarfe 1 matata ta leƙo da yarinya a kafaɗa.

"Maigida, don Allah ka san yadda za ka yi da injin nan. Farkawarta ta uku ke nan."

Na ce mata ai fankar silin ta fi shi ƙara, kuma a ƙarƙashinta yarinyar take barci kullum.

"Ta fi shi, amma ita murya ɗaya take riƙewa har gari ya waye. Naka kuwa sai ya yi luf, mutum ya fara gyangyaɗi, sai ya taso kamar jirgi zai tashi, ya sake sauka."

Ta faɗi ainihin ciwon tun a daren, amma sai da na ɓata kusan mako uku ina neman magani a wani wurin kafin na dawo kan maganarta.

Washegari na sauko da HWiNFO, manhajar nan da ke nuna duk abin da ma'aunan cikin kwamfuta ke karantawa, na kunna Cinebench R23 don ya matsa wa furosesar. Cikin 'yan daƙiƙoƙi lambar zafinta ta haye digiri 95 ta tsaya cak. Gabana ya faɗi. A tsohuwar kwamfutata in na ga 80 na san akwai matsala, ga shi wannan dukiya ce da ba zan iya sake saye ba a farashin dalar lokacin. Na shiga bayos, shafin saitin madabod, na ƙure duka fankokin. Ɗakin ya koma kamar shagon markaɗe, lambar kuwa ko gezau. Na kwance hasumiyar, na sa auduga da sifirit na goge maiƙon da ke tsakaninta da furosesa, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Babu canji. Na sake kwancewa, wannan karon na shafe shi ko'ina da tsohon katin banki. Sau uku na yi haka cikin kwana goma. An bar jaki ana dukan taiki, don maiƙon farko ma lafiyarsa ƙalau, da na ɗaga hasumiyar na ga ya bazu har gefe-gefe.

Na kai kuka wajen wani mai gyara da na daɗe ina hulɗa da shi, mutumin kirki mai hannu. Ya kalli hoton da na ɗauka a waya ya ce, "Yallaɓai, wannan furosesar ba ta iska ba ce, ta ruwa ce. Ka sa mata mai lagireto da fanka uku, shi ke nan ka huta." Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma shawarar da yawancin mutane za su ba ka ke nan. Har na fara tambayar farashi, sai na tuna da wani abokina a Abuja da ke da yayar tawa, 7950X, a kan lagireto mai tsawon milimita 360, a ofis mai esi. Na roƙe shi ya kunna gwajin nan ya turo mini abin da ya gani. Bayan 'yan mintoci hoto ya iso: 95. Wannan hoton ne ya hana ni kashe kuɗi, ya zaunar da ni karatu.

Ashe haka aka ƙera su. Tun da AMD, kamfanin da ke ƙera su, ya fitar da jerin Ryzen 7000 a Satumbar 2022 ya faɗa ƙarara cewa za su yi ta ƙara gudu har sai sun ci karo da ɗaya daga cikin iyakokinsu, ko ta wutar da aka yarda su ja, ko ta zafi, wato digiri 95, kuma kamfanin ya ce zama a wannan matakin ba ya cutar da su. Wato in ka ƙara mata sanyi tana tsakiyar aiki mai nauyi, gudu za ta ƙara ta cinye sanyin, lambar tana nan inda take. A kwali an rubuta wat 170, amma rufin da take iya kaiwa wat 230 ne. Kuma mafi yawan wannan wutar a kan 'yan gutsattsarin silikon biyu take ƙarewa, kowanne kimanin murabba'in milimita 70, bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Ka kwatanta garwashin da aka baza a kasko da bakin wutar mai walda, za ka gane abin da nake nufi. A samansu akwai murfin ƙarfe mai kauri, wanda aka bar shi haka don hasumiyoyin tsohon mazaunin furosesa na AM4 su ci gaba da hawa. Sai zafin ya ratsa wannan kaurin, ya ratsa maiƙo, ya bi bututun jan ƙarfe, sannan ya isa siraran farantan alminiyam inda fanka ke da iko da shi. Na gwada da hannuna. Allo na nuna 95, na cire murfin gefe na taɓa farantan, ɗumi ne da kake iya barin yatsa a kai. Cunkoson yana can ƙasa, inda iskar fanka ba ta kaiwa.

Sai batun tashi da sauka. Lambar da bayos ke bi daga wurin da ya fi ko'ina zafi a cikin furosesar take fitowa, kuma kafin ƙiftawar ido ta canja. Ka buɗe burauza kawai, ƙwaya ɗaya ta zabura zuwa gigahaz 5 da rabi, lambar ta yi tsalle daga 55 zuwa 75, bayan daƙiƙa biyu ta dawo. Hasumiya kuwa ƙarfe ne mai nauyin kusan kilo guda, ko labarin tsallen bai isa gare ta ba. Amma tsarin da ke cikin bayos ɗina yana umartar fanka ta bi lambar nan take, ta tashi da ita ta sauka da ita. A hunturu duk tsallen nan a ƙasa yake faruwa, kafin inda layin fanka ke miƙewa sama, shi ya sa ban taɓa jin sa ba. Da bazara ta ɗaga komai da digiri 12 ko 13, sai kowane tsalle ya riƙa faɗawa daidai kan gangaren.

A nan ne nake so duk mai irin wannan kwamfutar a ƙasarmu ya tsaya ya yi tunani. Masu gwajin kayan nan da muke kallo a YouTube, a Amurka da Jamus da Ostareliya, galibi a ɗakin da bai wuce digiri 21 zuwa 23 ba suke aunawa. Na sayi ɗan ma'aunin zafi na bango na ajiye a kan tebur, kusa da inda akwatin ke shaƙar iska. Da tsakar dare 35 yake nunawa, da la'asar har 38 na gani. Babu fanka, babu lagireto da zai sanyaya abu ƙasa da iskar da ake hura masa. Duk digirin da ya ƙaru a ɗaki, kusan haka zai ƙaru a furosesa. Saboda haka in ka ga wani ya ce tasa 70 take zama, ka fara tambaya: a wane ɗaki? Abu na biyu da ban taɓa sa wa rai ba shi ne, duk wutar da kwamfuta ta ja daga soket zafi take komawa, kuma a ɗakinka take zubar da shi. Na ari mitar da ake sawa tsakanin fulogi da soket, na ga ina cikin gem tana kaiwa wajen wat 500 har da monita. Rabin dutsen guga ke nan, wanda ba ya kashe kansa. In na rufe ƙofa don kada ƙara ta dami masu barci, cikin awa ɗaya ma'aunin tebur ya ƙara digiri biyu ko uku, fankoki su ƙara hazaƙa, ƙarar ta ratsa ƙofar da na rufe.

Daga nan na daina faɗa da lambar zafi, na koma kan wat. A bayos akwai abin da AMD ke kira Eco Mode. Na zaɓi matakin wat 105, wanda ke sauko da rufin daga 230 zuwa 142. Na ji tsoron na yanke wa furosesar ƙafa, amma abin ba haka yake ba. Gudun ƙarshe-ƙarshe shi ne mai tsada: don a samu ɗan ƙarin nan sai an ɗaga bolt, wutar da ake ci kuwa tana hawa da ninkin bolt sau kansa. Duk direban da ya bi hanyar Zariya ya san bambancin man da mota ke sha a gudun 100 da kuma a 140, ya kuma san mintocin da ya rage ba su taka kara sun karya ba. Na sake kunna Cinebench a ɗakin nan mai digiri 35, lambar ta tsaya a 83, wani lokacin 84. Na ɗauki bidiyon wani biki da na riga na san tsawon lokacin fitar da shi, ƙarin da aka samu bai kai in tashi in sha ruwa in dawo ba. A gem kuwa ban ga bambancin komai ba, don gem ba ya cika ƙwaya 12 da aiki, tun asali ba ya kai furosesar ga wannan rufin. Na ƙara da sa mata iyakar zafi a 85, in ta kai nan ta rage gudu da kanta. Kamfani ya ce 95 ba laifi, na kuma yarda da su, amma a ɗakin da ba esi na fi son a bar tazara.

Akwai mataki na gaba, Curve Optimizer, wanda ke rage bolt ɗin da furosesa ke nema a kowane gudu. Yana ƙarƙashin PBO, tsarin AMD na sauya iyakokin da aka sa wa furosesa, kuma AMD ya rubuta cewa amfani da PBO na fitar da mutum daga garanti, don haka kowa ya shiga da saninsa. Na ga mutane da yawa suna cewa sun sa 30 a ɓangaren ragi, ni ma na sa. Ta wuce Cinebench lafiya, zafi ya ƙara sauka, na yi murna. Kwana biyu bayan nan ina zaune ina rubuta wa wani abokin ciniki lissafin kuɗinsa, ba wani aiki mai nauyi, allo ya yi baƙi ta sake tashi da kanta. Aikin awa guda da ban adana ba ya tafi. Abin ya yi mini ciwo, don da safe zan miƙa shi. Daga baya na fahimci cewa raunin wannan saitin ba a aiki mai nauyi ya fi bayyana ba, sai lokacin da furosesa ke hutawa, ƙwaya ɗaya ta zabura zuwa ƙololuwar gudu ta tarar da bolt bai ishe ta ba. Na koma 20, bayan mako ɗaya ta sake yi sau ɗaya. Na koma 15, tun daga ranar ba ta ƙara ba. Kowace furosesa da halinta ko da sunansu ɗaya, lambar wani ba taka ba ce. Wanda kwamfutarsa ce hanyar cin abincinsa, ya tsaya a Eco Mode ma ya isa, ribar da ke gaba ƙarama ce.

Katin hoto kuwa na daɗe ban kula da shi ba, alhali in ana gem shi ne babban murhun. An rubuta masa wat 320, kuma zafinsa a cikin akwati yake amayar da shi, daidai ƙarƙashin hasumiyar furosesa. Da manhajar MSI Afterburner na rage masa rufin wuta zuwa kashi 80 cikin 100. Sannan na ɗaure yawan firem, wato hotunan da katin ke fitarwa a daƙiƙa, a 141, tunda monitata 144 take iya nunawa a daƙiƙa. A da in gem na tsaye a shafin zaɓi sai katin ya riƙa fitar da ɗaruruwan firem da ba wanda ke gani, yana wani siririn kuka kamar na gyare. Ɗaure firem ya rage wannan kukan sosai, ko da yake har yau in ɗaki ya yi tsit nakan ɗan ji shi a wasu wurare.

Akwatin da na saya tun farko don kyansa na saya: gilashi a gefe, gilashi a gaba, fitilu masu launi. Fankoki uku na gaba ta wasu 'yan siraran tsaguna a gefe suke jan iska. Wani dare na cire gilashin gaban na ajiye a kan kujera, na buga gem na rabin awa. Katin hoto ya sauko da digiri 7, fankokinsa suka sassauta. Gani ya kori ji. A watan Mayu na sayi akwati mai raga a gaba da fankoki masu faɗin milimita 140, tsohon kuma ƙanena ya ɗauka don kwamfutarsa ta karatu da ba ta cin wuta. Babbar fanka tana tura iskar da ƙarama za ta tura ba tare da ta yi juyi da yawa ba, muryarta ma ta fi kauri, ba ta soke kunne.

Da na gama juye kayan cikin sabon akwatin sai na karɓo turaren tsinke wajen matata, na kunna, na riƙa kai shi kusa da raga ina bin hayaƙin da tocila. A gaba hayaƙin yana shiga sumul, ya miƙe zuwa hasumiya. Amma a sama, inda na ɗaura fankoki biyu masu fitar da iska, na ga abin da ban zata ba: ta gaban tana kama hayaƙin da zarar ya shigo, ta yi sama da shi waje, bai ko taɓa hasumiyar ba. Sanyayyar iskar da na sha wahalar shigarwa ita take kwashewa. Na kwance ta na mayar kwali. Zafin furosesa bai ƙaru ba, murya ɗaya kuma ta ragu. Tun daga nan na daina ganin yawan fanka a matsayin alamar kwamfuta mai kyau.

Yanzu aka zo kan maganar matata. Ƙarar fanka ba daidai da gudunta take hawa ba, ta fi shi saurin hawa nesa ba kusa ba. A lissafin injiniyoyi, in ka raba gudun fanka biyu, ƙararta na sauka da kusan desibel 15, kunne kuwa yakan ji ragin desibel 10 kamar an rage rabin ƙarar. Sanyin da kake samu tsakanin kashi 60 da kashi 100 na gudu ɗan kaɗan ne, ƙarar da kake biya kuwa mai yawa ce. Na sauko da Fan Control, manhaja ce ta kyauta, kuma ita ta ba ni abubuwa biyu da bayos ɗina bai ba ni yadda nake so ba. Na farko, ta bar ni in haɗa ma'auni na kaina wanda ke ɗaukar matsakaicin zafin furosesa na daƙiƙa 20 da suka wuce. Tsallen daƙiƙa biyu ya narke a ciki, fanka ba ta ma san an yi ba. Na shimfiɗa layin a kwance a kashi 45 har zuwa digiri 75, daga nan ya hau a hankali zuwa kashi 65 a digiri 85, na kuma ce kada gudun ya ƙaru ko ya ragu da fiye da ɗan kaɗan a kowace daƙiƙa. In aiki mai nauyi ya daɗe fankar tana tashi, amma kamar hadari mai tahowa daga nesa, ba ka sanin lokacin da ta fara. Na biyu, ta bar ni in ɗaura fankokin akwati a kan zafin katin hoto. A da furosesa suke bi, sai ka ga kati yana gasuwa a gem su suna kwance, ko an buɗe burauza su taso babu dalili. Yanzu suna duban wanda ya fi zafi tsakanin biyun su bi shi. A bayos ma na bar layi mai hankali, don in wata rana manhajar ba ta tashi ba kada fankokin su zauna ba mai ba su umarni.

Duk da haka akwai wata murya da ta ƙi sauka. Wajen ƙarfe 2 na dare na kashe fankar silin, na durƙusa na kai kunne jikin akwatin, ina tsayar da fankokin ɗaya bayan ɗaya daga manhaja. Duka suka yi biyayya ban da ta baya. Na haska tocila na bi wayarta, sai na ga fil uku gare ta, sauran kuwa huɗu-huɗu. Mai fil huɗu da sigina ake sarrafa ta, abin da bayos ke rubutawa PWM. Mai fil uku sai an rage mata bolt, wato DC. Na bar mahaɗinta a kan PWM, don haka tun ranar da na ɗaura ta a ƙure take gudu. Canjin kalma ɗaya a bayos ya kwantar da ita. A daren na kuma gano fankokin gaba suna wani gurnani mai zuwa yana komawa in sun kai wajen juyi 1000 a minti, na ja layinsu ya tsallake wurin.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ragar da ta cece ni a bazara ita ta buɗe wa ƙura ƙofa da hazo ya sauka a Nuwamba. Dabarar da na bi ita ce iskar da ke shiga ta fi wadda fankoki ke fitarwa, kuma duk mai shiga ta bi ta matatar ƙura. Haka akwatin yake zama a ɗan cike, yana hura iska waje ta kowace kafa maimakon ya zuƙo ƙura ta nan. Na ɗauke shi daga ƙasa na ɗora kan tebur, don tsintsiya da sawun mutane a ƙasa suke tayar da ƙura. A hunturu duk mako biyu nake zare matatar gaba in wanke, in bar ta ta bushe ƙarau kafin in mayar. A ƙarshen Janairu na ga zafin ya ɗan fi na makonnin baya alhali gari da sanyi. Muka fitar da akwatin tsakar gida ni da ƙanena, na cire fankar gaban hasumiya. Bayanta, a bakin farantan, ƙura ta saƙa wani jan bargo mai laushi, na kama gefensa da yatsa biyu ya taso gaba ɗaya kamar auduga. Daga waje ba a ganin komai.

"Yaya, bari in sa bulowa kawai," in ji shi, har ya kunna, fankar sama ta ɗau gudu tana fito.

Na ce ya kashe tukuna. In iska ta juya fanka fiye da ƙarfinta tana cin gindin da take juyawa a kai, kuma injinta na iya mayar da wuta cikin madabod. Sai ya sa yatsa ya danne kowace fanka, ni ina hurawa daga ɗan nesa, muka bi da buroshin fenti mai laushi.

Ba na ƙin sanyayar ruwa, kuma zan faɗi gaskiyarta. Ruwa yana daɗewa kafin ya ɗumama, in ka ɗaura fankokin lagireto a kan zafin ruwan, tashi da saukar nan ba za ta dame ka ba tun farko. Tana kuma fitar da zafin furosesa kai tsaye waje in lagireton na sama. Amma tana zuwa da famfo mai nasa ɗan kukan, ruwan yana raguwa a hankali da shekaru, kuma in aka ɗaura ta yadda famfon ya zama shi ne a sama da komai, iska ta taru a cikinsa ya riƙa ƙugi. Abin da ya yanke mini hukunci shi ne inda nake zaune. In fankar hasumiya ta mutu, da yamma na sayo wata na maƙala, kafin nan ma ɗayar tana riƙe da aiki. In famfo ya mutu kwamfuta ta tsaya ke nan, sai na jira wani ya taho daga Legas ko Dubai, ga amare suna kiran waya suna tambayar bidiyonsu.

Wata ribar da ban nema ba ta zo ta wajen inbata. Da na sake ara mitar nan, gem ɗin da ke jan wajen wat 500 ya dawo ƙasa da 400. In an ɗauke wuta batir yana ɗan ƙara daɗewa, fankar inbatar ma da ke ihu a baranda ta samu sauƙi.

A Fan Control yanzu tsari biyu nake da su, ɗaya na sa masa suna Hunturu, ɗaya Bazara, nakan sauya a farkon Maris. Na bazarar ya fi ƙara, ba zan ɓoye ba, amma murya ɗaya yake riƙewa, kuma yarinya tana barci ƙofa a buɗe. Tsakanin azahar da la'asar a Afrilu ba na ba kwamfutar aiki mai nauyi, fitar da bidiyo sai bayan isha'i. Abin da ya rage yanzu ɗakin ne. Teburina yana jingine da bangon yamma, wanda rana ke duka tun daga azahar, har ƙarfe 11 na dare in ka ɗora tafin hannu za ka ji yana huci, kuma akwatin taku ɗaya ne tsakaninsa da shi. Na auna ɗaya kusurwar, kusa da taga, ma'aunin ya nuna ƙasa da digiri biyu. Teburin ba zai shiga wurin ba sai an rage masa tsawo, kafinta ya ce zai zo ranar Asabar ya auna.